Sabon Mai Ita

Zuwa ga Kawu Makaniki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya gwiwar? An ce min yanzu da sanda kake zagaya gareji, da ita kake nuna wa mutane aiki. Mu nan lafiya lau, sai tarin da ya kama maigidana, shi ma ya yi sauƙi.

Kada ka tsaya juya takarda kana neman wace ce. Ni ce 'yar Inna mai ƙwai, wadda kakarta da kakarka suke uwa ɗaya. Ni ce wadda ta taɓa cika maka akwatin sufana da yashi, yanzu na zama likitar dabbobi. Na kira lambarka, aka ɗauka aka yi ta cewa "Wa? Wa?" har katina ya ƙare. Daga baya na ji cewa guduma ta cinye maka kunne, shi ya sa na koma biro. Direban bas ɗin da ke bi ta gaban garejinka zai riƙa kawo maka.

Maganar motar Inna ce, shuɗiyar a-kori-kurar nan. Tun rasuwarta ni nake hawa, kuma injinta ƙalau yake. Amma an mayar da aikina gonakin da ke kan tudu, hanyar kuwa jar ƙasa ce, da wata kwana inda gefe ɗaya yake zama kwata idan an yi ruwa. Daminar bara aka kira ni kan wata saniya da haihuwa ta gagara. Ina isa kwanar nan sai tayar dama ta kama juyawa a banza tana feshin taɓo, ta hagu kuma tana zaune a kan busasshiyar ƙasa kamar ba da ita ake ba. Na ƙarasa da ƙafa, jaka a ka. Kafin in isa maraƙin ya mutu a ciki.

Abin da ya ɗaure min kai, Kawu, wannan tudun ne Inna take hawa da kiret-kiret na ƙwai, ko ɗaya ba ya fashewa. Me ya canza? Kuma wane irin tunani ne mota za ta tura duk ƙarfinta ga tayar da ba ta da abin kamawa, ta bar wadda take tsaye da ƙafarta?

Maƙwabcina mai bulo kullum sai ya leƙo ya ce in sayar masa. Ba na so. A cikin kayan Inna ita kaɗai ce har yanzu take motsi. Ina so ta hau tudun nan kafin ruwan bana ya sauka, ni ce kuma a kan sitiyari.

Taka,
Likita

*

Likita 'yar Inna

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki na yi murna ƙwarai. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Kunne ya yi ritaya kafin ni. Ido ma ya fara yana. A gaida maigidanki a ce ya rage shan ruwan sanyi. Yashin nan ban manta ba ina nan ina jiran ki zo ki ba da haƙuri.

Kin yi tambaya mai daɗi. Leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Tsakanin tayoyin biyu akwai wani ƙullutun ƙarfe. Sunansa difarensha amma ni tulu nake ce masa. Aikinsa raba ƙarfi. Idan kika sha kwana tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa. Dole ɗaya ta fi ɗaya gudu in ba haka ba taya ta ci kanta. Tulu ne yake ba su wannan dama. Sai dai tulu na gama-gari rago ne. Inda ya ga sauƙi can yake tura ƙarfi. Shi ya sa mai zamewa take samu mai kamawa ta rasa.

Na Innarki ba irin wannan ba ne. Ni na raka ta sayen motar na san cikinta. A tulunta akwai siraran farantai na ƙarfe a jere irin na kuloci. Idan taya ɗaya ta fara zamewa sai su matse su riƙe ta su tura wa 'yar uwarta ƙarfi. Zatona shekaru ne suka cinye su.

Ga gwaji. Ɗaga bayan motar tayoyi biyu a sama. Tokare da katako mai kauri kada ki yarda da jak kaɗai. Sa giya a firi ki juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta to akwai sauran rai. Idan ta yi tsaye ko ta juya baya farantai sun mutu.

Ni ba zan iya zuwa ba. Amma wadda take farke cikin saniya ta ɗinke ba tulu ne zai gagare ta ba. In za ki kwance ki yi wa komai alamar hagu da dama. Abin hagu ba ya zama a dama ko da ido ya ce iri ɗaya ne.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Maigidana ya ce a gaya maka ruwan sanyi ba laifinsa, fanka ce. Yanar idon nan kuma kada ka yi wasa da ita, ka je a duba.

Na yi gwajin. Na juya ta dama gaba, ta hagu ta juya baya, sai ka ce na zage ta. Na maimaita har maigidana ya ce ko wasa na samu. Wallahi wasan na samu.

Mun sauke tulun, ni da shi. Man da ya fito baƙi ƙirin ne, warinsa ya kori kyanwa daga tsakar gida. Na ɗora shi a kan teburin ƙarfen da nake duba awaki, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera komai yadda ya fito, na hagu da jan fenti, na dama da fari.

Kawu, me ya sa ba ka taɓa gaya min abin nan yana da kyau haka ba? Ga babban zobe mai haƙora, ga ƙaramin giyan da yake cizonsa daga gefe. A can ciki kuma ga wasu ƙananan giyoyi suna fuskantar juna, in ka juya ɗaya sai sauran su amsa. Na zauna ina juyawa ina kallo har girkina ya ƙone. Na buɗe cikin dabbobi da yawa, amma ban taɓa ganin gaɓar da take sasanta ƙafa biyu haka ba.

Farantan kuwa, gaskiyarka. Sun yi sumul har ina ganin fuskata a jikinsu, wasu sun yi shuɗi-shuɗi alamar sun sha zafi. Sifirin ɗin da yake matse su ya kwanta, da yatsa biyu nake danne shi.

Tambayoyina biyu. Me ya sa wasu farantan haƙoransu suna ciki, wasu kuma kunnuwa gare su a waje? Na biyu, hanyar nan ta fi lalacewa a kan zamanin Inna. Akwai yadda za a yi riƙon ya fi na da, ko iyakarsa ke nan?

An fara ganin hadari da yamma. Mai bulo ya leƙo ya ga kayan a baje, ya ce, "Likita, in ta ƙi haɗuwa ina nan, a buhu ma zan ɗauka." Na ce masa ya je ya jiƙa simintinsa.

Likita

*

Likita

Na gaishe ki. Asibiti sun ce za su cire yanar amma ba su faɗi rana ba. Takardarki na karanta ta sau biyu. Mutanen da na koya wa aikin nan ba su da iyaka amma ba wanda ya taɓa ce min tulu yana da kyau. Da Innarki ta bar min ke da yanzu gareji naki ne.

Amsar tambayarki. Masu haƙora a ciki suna kama giyan da yake juya taya. Masu kunnuwa a waje suna kama jikin tulun. To idan taya ta so ta gudu ita kaɗai sai wannan ya gogi wancan su hana ta. Gugar nan ita ce duk sirrin.

Riƙo kuma yana ƙaruwa. Ki duba jerin da kika yi a kan ƙyalle. Za ki ga wani wuri masu ƙera motar sun haɗa iri ɗaya biyu gefe da gefe. Waɗannan tare suke juyawa ba sa gugar juna zaman banza suke yi. Ke ki jera su ɗaya mai haƙora ɗaya mai kunne har ƙarshe. Kowace fuska ta yi aiki. Direba zai ba ki ƙunshi. Akwai sababbin farantai da sifirin da ya fi na da ƙarfi da boris biyu.

Ki bar farantan su kwana a cikin man giya kafin ki jera. Siraran zobban da kika samu a bayan boris kowanne ya koma gefensa. In kin haɗa ki shafa fenti a haƙoran babban zoben ki juya. Inda fentin ya goge ya zama a tsakiyar haƙori ba a baki ba ba a gindi ba. Ki bar ɗan wasa kaɗan tsakanin giya da giya. Ƙarfe ma yana son wurin numfashi idan ya yi zafi.

In kin tayar da ita duk ƙarar da kika ji ki rubuto min ita da haruffa. Kunnena yanzu a idona yake.

Kawunki

*

Kawu,

Ina kwana, ina gajiya. Ina fata an sa maka ranar asibitin. Ni lafiya, sai dai hannuwana sun yi baƙi har masu awaki suna tambaya ko na canza sana'a.

Na haɗa. Na jiƙa farantan a man giyan da na saya a gidan mai, na jera su yadda ka ce, fenti ya goge a tsakiya daidai, na cika tulun da sauran man. Da na juya taya ɗaya, ɗayar ta bi ta. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo.

Amma Kawu, akwai matsala. A miƙaƙƙiyar hanya shiru take, lafiya lau. Da zarar na karya kan mota a hankali, kamar shiga layinmu, sai bayan ya kama: gur-gur-gur, kaf! kaf! kaf! Motar tana karkarwa, tana tafiya tana ƙwacewa, har cikin haƙorana nake ji. Na sauke tulun na sake duba komai na mayar, haka. Na sake saukewa, haka. Jiya a gaban makarantar yara ta yi min, mutane suka watse suna zaton aksil ne ya karye.

Ruwan farko ya sauka. Ban yarda in kai ta tudu ba, ina tsoron ta watse da ni a kwanar nan. A da aƙalla tana tafiya shiru. Yanzu ji nake kamar na ɗauki lafiyayyar dabba na yi mata aikin da ba na fannina ba. Na gaji, Kawu, kuma raina ba daɗi.

Ka faɗa min gaskiya, ba sai ka lallashe ni ba. Na saba gaya wa mutane cewa dabbarsu ba za ta tashi ba, ni ma zan iya ji. Idan na ɓata ta ne, ka ce na ɓata ta.

Likita

*

Likita

A gurguje nake rubutu yau za a yi min aikin ido kuma direba yana tsaye. Na karanta ƙarar na gane ciwon. Kada ki sake kwance komai. Kin wahala ya isa haka. Ki nema wa motar sabon mai ita ta huta ke ki huta. Na san wanda zai dace da ita zan aiko miki in na fito.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata aikin ido ya yi kyau. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, na rasa abin da zan rubuta ne.

Na roƙe ka gaskiya, ka kuma faɗa, don haka ba ni da bakin ƙorafi. Amma ta yi min ciwo. Na zaci za ka ce in gwada wani abu, ko da na banza ne. Na yi kwanaki ina karanta layin nan, "ki nema wa motar sabon mai ita," ina neman wata ƙofa a cikinsa ban samu ba. Maigidana ya ce tun da wanda ya san cikinta ya ce a sallama, to a sallama.

Ba sai ka wahalar da kanka wajen aiko da wanda zai dace da ita ba. Baƙo ba zai tafi min da motar Inna inda ba zan sake ganinta ba. Na sayar wa mai bulo. Na gaya masa maganar ƙarar ban ɓoye komai ba, ya ce ya ji ya gani. Ya sayar da tsohuwar motarsa don ya ɗauki wannan, mun yi takardu, ya ɗauki makulli. Ofis sun ba ni babur.

Tambaya ɗaya ce ta rage, don ba ta bari na yi barci. A ina na yi kuskuren? Ko ba zai gyaru ba, ina so in sani.

Likita

*

Likita

Innalillahi. MAI. Man giya. Mai na zubawa a tulu. Ban ce ki nemi mai saye ba. Cewa na yi ki nemo sabon MAI sannan ita motar ta huta ke ma ki huta. Idona ya buɗe tas abin da na fara karantawa da shi ke nan. Da na sani da na bar yanar.

Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Ƙarar nan shaida ce aikinki ya yi. Sababbin farantai suna kamawa su saki su kama su saki shi ne kaf kaf ɗin. Irin wannan tulun yana da mansa na daban mai wani ƙari a ciki da yake sa su zame a hankali a kwana. Na gama-gari ba ya yi. Ni ne na ce miki man giya ban faɗi wanne ba. Wanda na ce zai dace da ita ga shi nan a galan direba zai ba ki. Na daɗe ban aiko ba saboda an hana ni karatu da rubutu.

Ki ruga wurin mai bulo. Ki gaya masa tsoho ne ya yi shirme. Ki rubuto min ko layi ɗaya ne hankalina ba a kwance yake ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, kuma na yi murna da idon. Kada ka ce da ka bar yanar, ba na son wannan maganar.

Na ɗauko tsohuwar takardarka na ajiye kusa da sabuwar. Na sa ɗan waƙafi da biro bayan "mai", sai ga maganarka. Na matsar da shi bayan "ita", sai ga tawa. Na yi dariya har maigidana ya fito, da ya ga fuskata sai ya koma ciki. Kai ba ka sa waƙafi, ni kuma na riga na yanke wa kaina hukunci kafin in buɗe ambulan. Laifin mu raba shi biyu, kada ka ɗauka kai kaɗai.

Na ɗauki galan na nufi wurin mai bulo da niyyar in roƙe shi ya mayar min da motar. Ban kai ga magana ba aka kira ni a waya, wata saniya ce a kan tudu, ƙafar maraƙi ɗaya ta fito sauran ya ƙi. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babur ba zai je ko'ina ba. Mai bulo ya ce, "Likita, shigo mu je."

Na buɗe ƙofar direba, sai na tuna, na zagaya.

Muka sha kwanar layinmu, ina jiran kaf kaf, shiru. Na dube shi. Ya ce, "Au, ƙarar? Wani direban tipa ne ya ce in canza mai, in sa mai ƙari. Na zagaya fili da ita hagu da dama, shi ke nan ta daina." Yana faɗa yana dariya, bai san abin da yake yi min ba.

Da muka isa kwanar tudun, taɓo ya cika gefen dama. Na ji tayar ta fara zamewa, na riƙe kujera. Sai na ji wani abu ya matse a ƙarƙashina, a hankali, ta hagu ta karɓa. Motar ta ɗan girgiza bayanta ta haye. Kawu, na ji farantan nan da jikina, kowanne a inda na sa shi. Ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki a lokaci ɗaya haka ba. Maraƙin ya fito da rai, mace ce.

A hanyar dawowa ya yi ta ba ni labari. Ya samu aikin kai bulo gonakin tudu saboda babu wata mota da take hawa yanzu sai ita. Ya sa sabon katako a bayanta, matarsa ta ɗinka wa kujerar riga. Na fasa maganar da ta kawo ni. Bai cuce ni ba, da ƙararta ya ɗauka, kuma ba shi da wata.

Ya tambaye ni wane makaniki ne ya yi aikin tulun, don yana so ya riƙa kai masa. Na ce ni ce. Ya ce to zai riƙa kawo min. Don haka ka rubuto min yaushe ake canza man, da alamar da zan gani idan farantan sun fara gajiya. Akwai kuma wani ɗan kuka da nake ji daga boris ɗin gaba, ii-ii-ii, in an sha kwanar hagu.

Ya sauke ni a ƙofar gida. Na ajiye masa galan ɗinka a bayan kujera, na rufe ƙofar. Na tsaya a cikin ruwa da jakata ina kallo har ya sha kwana da ita, ko ƙara babu.

Taka,
Likita